Gurabe biyar kawai nake so daga teburin mambobi, yaya zan kwashe su zuwa sabon tebur?

Abba T/Wada:
Salamu alaikum manyanmu. Ina neman taimako, kuma lokaci ya ɗan ƙure mini. Ni nake riƙe wa wata ƙungiyar taimakon juna ta 'yan kasuwa bayanansu, a nan wajen Kasuwar Barci. Duk mambobin suna cikin tebur ɗaya mai suna mambobi, mutum 1,846, gurabe 23: suna, lambar kati, waya, reshe, adireshi, NIN, BVN, magaji, abin da mutum ya tara, da sauransu. Shugabanni sun ce in fitar musu da sabon tebur mai gurabe biyar kacal, na waɗanda suka biya kuɗin shekara. Ga abin da na rubuta a phpMyAdmin, shafin da ake ba rumbun bayanai umarni:

SELECT id, suna, lambar_kati, waya, reshe INTO masu_biya FROM mambobi WHERE matsayi = 'ya_biya';

Sai ya amsa mini da #1327 Undeclared variable: masu_biya. XAMPP, ƙunshin manhajojin da ke tafiyar da rumbun bayanan, shi ne a kan kwamfutar ofis. Ina matsalar take?

Nura Kawo:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, ni kuwa wannan umarnin nake rubutawa kullum a wurin aiki kuma yana tafiya lafiya lau. Ka duba ko akwai waƙafin da ya ɓace.

Injiniya Bala:
Babu waƙafin da ya ɓace. Nura, kai a SQL Server kake aiki, ko ba haka ba? SELECT ... INTO sabon tebur salon Microsoft ne, yana yi a SQL Server, yana yi a Access. Shi kuwa XAMPP MariaDB ne a cikinsa, ɗan'uwan MySQL, kuma su a wurinsu abin da ya biyo bayan INTO ko dai wurin ajiye ƙima ne na ɗan lokaci, ko fayil. Shi ya sa ya ɗauki masu_biya a matsayin sunan da ba a gabatar masa da shi ba.

Abba, rubuta wannan ka huta:

CREATE TABLE masu_biya AS
SELECT id, suna, lambar_kati, waya, reshe
FROM mambobi
WHERE matsayi = 'ya_biya';

Layuka dubu biyu ba komai ba ne, kafin ka ɗauke hannu daga linzami ya gama.

Nura Kawo:
Haka ne Injiniya, SQL Server ne. Na ƙaru.

Abba T/Wada:
Ya yi! Layuka 1,512 suka shiga. Allah Ya saka da alheri Injiniya.

Anti Sadiya:
Ƙanena, kafin ka kai wa shugabanni, rubuta waɗannan biyun ka ɗora sakamakon kusa da juna:

SHOW CREATE TABLE mambobi;
SHOW CREATE TABLE masu_biya;

Ka dubi ƙasan kowanne, ka faɗa mana abin da ka gani.

Abba T/Wada:
Anti, a tsohon akwai PRIMARY KEY a kan id, akwai AUTO_INCREMENT mai ba kowane sabon layi lambar id da kansa, akwai KEY a kan waya. A sabon babu ko ɗaya. Gurbin id ma ya koma int NOT NULL DEFAULT 0.

Anti Sadiya:
Yawwa. Abin da nake so ka gani da idonka ke nan. Umarnin da Injiniya ya ba ka daidai ne, amma abin da yake kwasowa shi ne bayanan, da nau'in kowane gurbi, da NOT NULL, da DEFAULT. Babban mabuɗi, wato PRIMARY KEY da ke bambance layi da layi, ba ya biyowa. Fihirisa, wato KEY ɗin da ke sa a nemo layi da sauri, ba ta biyowa. UNIQUE ba ya biyowa, mabuɗin da ke ɗaure tebur da wani tebur ba ya biyowa, TRIGGER ma haka. Duk ƙa'idojin da suke hana shirme shiga tsohon tebur sun tsaya a can.

Gobe idan wani ya ƙara mutum a sabon teburin bai sa id ba, sifili zai samu. Na gaba ma sifili. Babu abin da zai yi ƙorafi. Kuma ka lura da phpMyAdmin ɗin kansa: buɗe masu_biya, za ka ga gargaɗi a sama cewa babu gurbi na musamman da zai bambance layi da layi, sannan maɓallan gyara da gogewa na gefen kowane layi sun ɓace.

Ni yadda nake yi, in gina teburin da hannuna tukuna, da mabuɗansa da komai, sannan in zuba bayanan da INSERT INTO ... SELECT. Mataki biyu ne, amma na san abin da na gina.

Injiniya Bala:
Anti, da girmamawa, wannan ai ɗora wa yaro kaya ne. Layi ɗaya ya isa:

ALTER TABLE masu_biya ADD PRIMARY KEY (id);

Shi ke nan. MySQL da MariaDB ma sun yarda ka haɗa su tun farko, ka rubuta CREATE TABLE masu_biya (PRIMARY KEY (id)) sannan SELECT ya biyo baya. Ba kowane aiki ne sai an yi masa ginin banki ba.

Anti Sadiya:
Na san da wannan, kuma ban ce ba ya aiki ba. Matsalata da shi ita ce wannan layin na biyu shi ne wanda mutane ke mantawa, saboda na farko ya riga ya nuna musu kore, sun ga layuka sun shiga, hankali ya kwanta. Tebura nawa na gada a wurin aiki masu suna irin su kaza_sabo, kaza_sabo2, babu mai mabuɗi a cikinsu, kuma an ɗora rahotanni a kansu shekara da shekaru.

Ɗan Rigasa:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Shiga teburin a phpMyAdmin, danna Operations, akwai wurin kwafe tebur, ka zaɓi tsari da bayanai gaba ɗaya. Zai zo da mabuɗansa. Sai ka bi gurabe 18 ɗin da ba ka so ka goge su. Ba sai ka rubuta komai ba.

Maman Ilham:
Ɗan Rigasa, don Allah kada ka koya masa wannan a kan irin wannan teburin. Ka sake karanta abin da ya ce yana ciki: NIN, BVN, sunan magaji, kuɗin da kowa ya tara. Hanyarka tana nufin a fara yin cikakken kwafi na biyu na duk wannan, sannan a dogara da cewa mutum ba zai tsallake ko ɗaya ba wajen gogewa. A ɗauke wuta yana tsakiyar yi, ko a kira shi waje, ko idonsa ya tsallake gurbi ɗaya, shi ke nan BVN ɗin mutum dubu da ɗari takwas yana zaune a teburin da kowa ya ɗauka babu komai a cikinsa. Kuma hanyarka ba ta tace waɗanda suka biya ba, sai an sake bi da DELETE.

Idan ka lissafa guraben da kake so da sunansu a SELECT, abin da ba ka ambata ba ba zai taɓa shiga ba. Wannan ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Sannan mu tuna akwai doka yanzu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya an sa mata hannu a watan Yunin 2023, akwai hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma cikin ginshiƙanta akwai cewa kada a sarrafa bayanan mutum fiye da abin da buƙatar ta nema. Ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta fita daga ciki ba don tana ƙarama. Ko babu doka ma, amana ce. Mai sayar da atamfa da ya ba ku BVN ɗinsa don a buɗe masa asusu bai ba ku don ya yi yawo a filasha ba.

Ɗan Rigasa:
Gaskiya ne Hajiya, ban kalli wannan ɓangaren ba. To CREATE TABLE ... LIKE fa?

Injiniya Bala:
LIKE yana kawo tsarin da fihirisa ba tare da bayanai ba, don haka za ka iya goge guraben tun teburin yana fanko, sannan ka zuba. Ya fi na farko tsafta. Amma goge 18 don a bar 5, ai gara ka rubuta biyar ɗin.

Malam Habu:
Salamu alaikum. Na karanta daga sama, kuma ina ganin duk kun wuce tambayar farko. Abba, me ya sa sai sabon tebur?

Ina tambaya ne saboda abin da nake gani wurin ɗalibaina kowace shekara. Da zarar an ce a nuna wani ɓangare na bayanai, sai su yi kwafi. Daga daƙiƙar da ka yi kwafin nan, bayananka sun rabu biyu. Alhaji wane ya sauya lambar waya, an gyara a mambobi, ba a gyara a masu_biya ba. Wata ta biya kuɗinta ranar Laraba, tana cikin na farko a matsayin wadda ta biya, ba ta cikin na biyu. Bayan wata uku babu wanda zai iya rantsewa wanne ne daidai. Shago ɗaya ne da littafin bashi biyu, duk ranar da suka saɓa sai an yi rigima da mai saye.

Abin da aka tanada don wannan shi ne VIEW:

CREATE VIEW masu_biya AS
SELECT id, suna, lambar_kati, waya, reshe
FROM mambobi
WHERE matsayi = 'ya_biya';

Kalma ɗaya ce ta bambanta shi da na Injiniya, amma shi ba ya ajiye komai. Duk sanda aka buɗe shi, daga mambobi yake karantowa a lokacin. Kana iya ba wani ma'aikaci izinin ganin wannan kaɗai ba tare da ya taɓa ganin uwar teburin ba, wanda ya biya buƙatar Maman Ilham. Maganar mabuɗi da Anti Sadiya ta kawo ma ba ta taso ba, tunda fihirisar tsohon tebur yake amfani da ita. Tun takardar da Codd, masanin da ya assasa tsarin ajiye bayanai a tebura, ya fitar a 1970 ake nanata cewa a ajiye kowane bayani a wuri ɗaya.

Anti Sadiya:
Malam ya yi tambayar da ta dace. Abba, me za a yi da jerin?

Abba T/Wada:
Malam, zaɓen shugabannin ƙungiya za a yi. Tsarin mulkinsu ya ce wanda ya biya kuɗin shekara kafin ranar rufe rajista shi ne zai jefa ƙuri'a. An rufe ranar Juma'ar da ta wuce. Amma har yanzu ana karɓar kuɗi, don wanda ya biya a makare yana nan a matsayin mamba, ƙuri'a ce kawai ba shi da ita a bana. Sakatare ya dakatar da shigar da sababbin rasit har sai na fitar da jerin.

Malam Habu:
To ai da wannan ka fara, ɗana. Idan haka ne VIEW ba zai yi maka ba, zai ma cuce ka. Sakatare na ci gaba da shigar da rasit, jerin masu zaɓe zai riƙa ƙaruwa da kansa, wanda ya biya ana gobe zaɓe ya bayyana a ciki. Kai abin da kake nema jeri ne da zai tsaya cak yadda yake a ranar rufewa. Wannan aikin kwafi ne, kuma a nan rabuwar da na yi gargaɗi a kanta ita ce ake so.

Sai dai tunda rajistar zaɓe ce, ina bayan Anti Sadiya: a gina shi da hannu. Ka sa masa suna da zai faɗi aikinsa, masu_zabe, ka ƙara gurbin da zai riƙe ranar da aka ɗauki kwafin, kuma lambar kati ta zama UNIQUE. Mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, teburin da kansa ya tsare wannan.

Injiniya Bala:
A kan UNIQUE na yarda ɗari bisa ɗari. Zaɓen 'yan kasuwa ba wasa ba ne.

Abba T/Wada:
Na gina da hannu kamar yadda aka ce, ban sa UNIQUE ba tukuna don in fara ganin ya shiga. Ya shiga, 1,512, amma jama'a akwai abin tsoro. Gurbin waya na kowa da kowa ya koma 2147483647. Daga layin farko har na ƙarshe lamba ɗaya. Sannan sunaye: Ɗanlami ya zama ?anlami, Ƙasimu ya zama ?asimu, wata Haɗiza da aka rubuta da ɗ ta zama Ha?iza. Na duba mambobi, can komai lafiya.

Anti Sadiya:
Kwantar da hankalinka, tsohon teburin ba a taɓa shi ba, SELECT karatu kawai yake yi. Turo mana yadda ka gina sabon.

Abba T/Wada:
CREATE TABLE masu_zabe (id INT PRIMARY KEY, suna VARCHAR(120), lambar_kati VARCHAR(20), waya INT, reshe VARCHAR(60));

Anti Sadiya:
Ga su nan duka biyun.

Na farko, waya INT. Wannan lambar da kake gani, 2,147,483,647, ita ce iyakar abin da INT zai iya ɗauka. Lambar wayarmu lambobi 11 ce, ta fara da sifili. Idan ka mai da ita adadi, sifilin farko ya faɗi, saura lambobi goma da suka fara da 7 ko 8 ko 9, wato sama da biliyan bakwai. Ta fi ƙarfin gurbin, sai ya danne kowacce zuwa iyakarsa. Ko ka sa UNSIGNED iyakar 4,294,967,295 ce, ba ta kai ba. BIGINT zai ɗauka amma sifilin ya tafi. Lambar waya ba abin lissafi ba ce, ba a tara ta ba a raba ta, don haka rubutu ce: VARCHAR(15), ya ishe ka ko an rubuta ta da +234. Haka NIN da BVN, su ma lambobi 11 ne, duk inda ka gan su a INT ka san akwai ɓarna.

Na biyu, haruffa. Ba ka faɗa wa teburin tsarin haruffan da zai bi ba, sai ya gaji na rumbun gaba ɗaya, kuma na tabbata latin1 ne. Da alama wanda ya riga ka ya mai da teburin mambobi utf8mb4 ya bar rumbun yadda yake. A latin1 babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, manya da ƙanana. Duk harafin da bai sani ba sai ya sa alamar tambaya a madadinsa, kuma ba a dawo da shi daga nan, sai dai a sake kwasowa daga asali. MySQL sai a 8.0 ya mai da utf8mb4 zaɓinsa na farko, a 5.7 latin1 ne, shi ya sa tsofaffin rumbuna da yawa suke haka.

Abin da ya fi damuna shi ne duk wannan ya wuce ba tare da an tsayar da kai ba. Rubuta SELECT @@sql_mode, ka gani. Idan babu STRICT_TRANS_TABLES a ciki, to sabarka tana karɓar ɓarna ta ba da gargaɗi kawai. Da yana kunne, da ta ƙi umarnin tun farko da kuskure 1264 a kan wayar. Kafin ka sake zubawa, fara da wannan a saman umarninka, a tura su tare:

SET SESSION sql_mode = 'STRICT_ALL_TABLES';

Injiniya Bala:
Anti, a nan dole in yi magana. Duba teburin farko da na ba shi, masu_biya. Abba, lambobin waya da sunaye a can yaya suke?

Abba T/Wada:
Lafiyarsu ƙalau Injiniya. Sifili yana nan, Ɗanlami yana nan da ƙugiyarsa.

Injiniya Bala:
To kun gani. CREATE TABLE ... AS SELECT yana ɗauko nau'in gurbi da tsarin haruffansa daga tsohon tebur kai tsaye, ba ya ba ka damar yin kuskure a nan. Ginin hannu da ake yabo shi ne ya buɗe ƙofar INT da latin1. Kowace hanya akwai inda take zubar da kaya: tawa tana barin mabuɗi a baya, taku tana barin mutum ya canza nau'i bai sani ba. Ga mai koyo, ni dai na fi tsoron ta biyun, don mabuɗi ana ƙara shi daga baya, lambar wayar da ta zama 2147483647 kuwa ta tafi.

Anti Sadiya:
Wannan magana ce mai ƙarfi, na karɓa. Amma ginin hannu ba yana nufin ka zauna ka ƙirƙiro daga ka ba. Shi ya sa na fara sa shi ya buɗe SHOW CREATE TABLE. Daga can ake kwafo layin kowane gurbi yadda yake, a liƙa, a cire abin da ba a so. Kuma har yanzu ina kan bakana saboda dalili ɗaya: a rajistar zaɓe ina so ƙa'idar ta riga bayanan shiga, yadda duk abin da ya saɓa mata zai tsaya a bakin ƙofa in gan shi. Abba, goge wancan ka yi wannan:

DROP TABLE masu_zabe;

CREATE TABLE masu_zabe (
id INT NOT NULL PRIMARY KEY,
suna VARCHAR(120) NOT NULL,
lambar_kati VARCHAR(20) NOT NULL UNIQUE,
waya VARCHAR(15),
reshe VARCHAR(60),
ranar_kwafi DATETIME NOT NULL
) ENGINE=InnoDB DEFAULT CHARSET=utf8mb4;

INSERT INTO masu_zabe (id, suna, lambar_kati, waya, reshe, ranar_kwafi)
SELECT id, suna, lambar_kati, waya, reshe, NOW()
FROM mambobi
WHERE matsayi = 'ya_biya';

Ka daidaita faɗin kowane VARCHAR da na tsohon, COLLATE ma ka sa irin nasa. Da gangan ban sa AUTO_INCREMENT ba: id ɗin nan na mambobi ne, shi ne igiyar da za ta mai da kai ga cikakken bayanin mutum idan an yi gardama. Kuma ka karanta sunan da ke gaban DROP sau biyu kafin ka danna. A MySQL da MariaDB, DROP da CREATE ba sa jin ROLLBACK, wato umarnin janye abin da aka yi.

Maman Ilham:
Kafin DROP ɗin ma, ya shiga Export ya sauke kwafin ajiya na rumbun gaba ɗaya. Minti ɗaya ne. A ajiye shi inda ba kowa ke kaiwa ba, tunda shi kam komai yana ciki.

Abba T/Wada:
Na sauke, na gina. INSERT ya ƙi: #1062 Duplicate entry a kan lambar_kati. Teburin fanko yake, ko layi ɗaya bai shiga ba. Na ga ana cewa a sa INSERT IGNORE, in sa?

Malam Habu:
A'a! Kada ka kuskura. IGNORE zai shigar da wanda ya fara zuwa, ya yar da na biyu bai gaya maka ko wane ne ba. Idan mutum biyu ne daban aka ba lamba ɗaya, ka hana wani ƙuri'arsa ke nan ba da saninka ba. Wannan kuskuren da ka gani shi ne amfanin UNIQUE ɗin. Fankon da ka tarar kuma aikin InnoDB ne, injin ajiyar da aka sa wa teburin: umarni ko ya shiga duka ko ya koma duka. Da tsohon injin MyISAM ne da ka tarar da rabi a ciki.

Nemo su:

SELECT lambar_kati, COUNT(*) FROM mambobi
WHERE matsayi = 'ya_biya'
GROUP BY lambar_kati HAVING COUNT(*) > 1;

DISTINCT ma ba zai fisshe ka ba, in wani ya ba ka shawararsa, domin id ɗinsu daban ne, a wurinsa layuka ne mabambanta.

Sannan akwai abin da ke cina tun ɗazu. Ka ce mambobi 1,846, waɗanda suka biya 1,512. Sauran 334 ɗin duk an rubuta musu bai_biya? Duba:

SELECT matsayi, COUNT(*) FROM mambobi GROUP BY matsayi;

Abba T/Wada:
Malam, lambobin kati huɗu ne suka maimaitu. Uku mutum ɗaya ne aka shigar sau biyu, suna ɗaya waya ɗaya. Ta huɗun kuwa mutum biyu ne daban, ɗaya a reshen Kasuwar Barci, ɗaya a reshen Kawo.

Na biyun kuma: ya_biya 1,512, bai_biya 297, sai NULL 37.

Malam Habu:
To waɗannan 37 su ne za su tayar da ƙura ranar zaɓe. NULL ba ya nufin bai biya ba, yana nufin ba a rubuta komai ba. Sharaɗin matsayi = 'ya_biya' ya bar su a waje, kuma da ka juya shi ka ce matsayi <> 'bai_biya' nan ma a waje za su tsaya, domin NULL ba ya amsa e ko a'a ga kowace kwatantawa, sai an neme shi da IS NULL. Mai yiwuwa cikinsu akwai wanda rasit ɗinsa na aljihunsa.

Wannan kuma ba hukuncinka ba ne, ɗana. Fitar da sunayen 37 ɗin da na masu lamba ɗaya, ka kai wa sakatare da kwamitin zaɓe a takarda, su duba littafin rasit su sa hannu. Gyaran a mambobi za a yi shi, ba a sabon tebur ba, sannan ka sake zubawa.

Nura Kawo:
Ina bin ku ina rubutawa. Mu a SQL Server, SELECT INTO yakan taho da IDENTITY, irin AUTO_INCREMENT ɗinku, idan daga tebur ɗaya ne ba haɗi, amma mabuɗi da fihirisa shi ma ba ya kawowa. Ashe ciwon ɗaya ne.

Musa Barnawa:
PostgreSQL ma haka, ya ma fi tsanani: CREATE TABLE AS a can ko NOT NULL da DEFAULT ba ya ɗaukowa, suna da nau'i kawai. Abu ɗaya zan ƙara don masu manyan tebura: a InnoDB, yadda aka saba barinsa, INSERT ... SELECT yana riƙe layukan da yake karantawa a tsohon tebur har ya gama, masu son gyara su sai su jira. A layi dubu biyu ba za a ji ba. A miliyoyi kuwa, a bari sai an tashi aiki.

Abba T/Wada:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Kwamiti ya zauna jiya bayan La'asar. Cikin 37, an samu rasit na mutum 29 kafin ranar rufewa, an mai da su ya_biya, sauran 8 bai_biya. Ukun da aka shigar sau biyu ba mu goge ba, an sa wa layi na biyun matsayi maimaici. Na reshen Kawo an ba shi sabuwar lambar kati. INSERT ya shiga ba gargaɗi ko ɗaya: 1,538. Lissafi ya yi, 1,512 a ƙara 29 a cire 3. Sunaye da lambobin waya duk daidai.

Saura abu ɗaya. Za a kai jerin wurin mai buga takardu a buga rajistar da za a liƙa a kowane reshe. Na fitar da CSV, da na buɗe a Excel sai sifilin farkon waya ya sake ɓacewa, ƙugiyoyin haruffa kuma suka zama wasu alamomi.

Injiniya Bala:
Wannan ba daga rumbunka ba ne, fayil ɗin lafiyarsa lau, Excel ne yake hasashe idan ka buɗe CSV da danna sau biyu. Buɗe Excel fanko, shiga Data, zaɓi shigo da bayani daga Text/CSV, a wurin tsarin haruffa ka zaɓi 65001 UTF-8, gurbin waya kuma ka mai da shi rubutu kafin ka loda. Kada ka adana wancan da ka buɗe a kan fayil ɗin asali.

Maman Ilham:
Tsaya tukuna Abba. Takardar da za a liƙa a bango a kasuwa, me lambar waya take yi a ciki? Akwai matan aure a jerin nan, akwai masu kuɗi a ajiye. Mai zaɓe suna da lambar kati da reshe yake buƙata ya ga ko yana ciki. Wayar ta zauna a masu_zabe don kwamiti, amma abin da zai fita ofis ya zama gurabe uku.

Malam Habu:
Nan kuma VIEW ya samu wurinsa, a kan sabon teburin:

CREATE VIEW rajistar_bango AS
SELECT suna, lambar_kati, reshe FROM masu_zabe;

Daga shi za ka fitar, ka jera da ORDER BY reshe, suna. Kuma gara ka kai wa mai bugawa PDF maimakon fayil ɗin da za a iya gyarawa.

Abba T/Wada:
An gama Malam, gurabe uku, PDF, kowane reshe da shafukansa. Sakatare yana tambaya ko ya ci gaba da shigar da rasit yanzu, kuma in goge masu_biya na farko?

Anti Sadiya:
Ya ci gaba, masu_zabe ba zai motsa ba. Asusun da yake shiga da shi ka ba shi izinin SELECT kawai a kan masu_zabe, kada ya samu INSERT ko UPDATE ko DELETE a can. Idan da root, asusun da ke da iko a kan komai, kuke shiga ku duka, yau ka buɗe masa nasa asusun. masu_biya kuma goge shi yanzu, kafin wani ya buɗe ya ɗauka shi ne rajistar, tunda 1,512 ne a ciki kuma babu mutum 29 ɗin nan. Sannan ka fitar da masu_zabe shi kaɗai a fayil, ka ba shugaban kwamitin zaɓe kwafi ya riƙe a wurinsa.